Tayar ƙanƙara a ƙofar gidanmu

Matso kusa ki ji, don maganar nan ko maƙwabciyata ban gaya mata duka ba.

Maigidana direban wanet ne, irin motar nan mai buɗaɗɗen baya da muke kira a-kori-kura a gida. Ta kafilinsa ce, wato Balaraben da iƙamarmu, takardar izinin zama, take hannunsa. Shekara da shekaru yana ɗauko masa kaya daga Sharafiyya zuwa Aziziyya a nan Jidda, bai taɓa ko goge bangon wani ba. Aibinsa ɗaya ne: bakinsa bai iya cewa a'a ba. Duk abin da aka tambaye shi, "mafi mushkila" ce amsa, wato ba matsala. Ko cewa aka yi ya ɗauko teku a bayan mota, zai fara faɗin mafi mushkila tukuna, sai ya iso gida ya zauna ya riƙe kai.

Wani lokacin sanyi kafili ya ga duwatsun Tabuk sun yi fari fat a talabijin. Ya ce zai kai iyalinsa su kafa tanti, kuma wanet ce za ta ɗauki tantin da itace da rago. Ya tambayi maigida a gaban baƙi ko ya iya tuƙi cikin dusar ƙanƙara. Kin san amsar. Har ya ƙara da cewa ya sha yi. Kafili ya ce madalla, je ka zaɓo tayoyin da suka dace, da ma ina tunanin ba wa wani direba motar. Ga shi saura wata guda a sabunta mana iƙama. Idan motar ta bar hannunsa, aikin ya tafi, mu ma sai haɗa akwati.

Ya shigo ya zauna kan darduma ko takalmi bai gama cirewa ba. Na ce, "Baban yara, a ina ka sha yi? Mutumin da ko na'urar sanyaya ɗaki aka ƙara sai ya nemi bargo?"

Ya ce, "Hajiya, ki taimaka mini da shawara, ba da dariya ba."

Washegari ya tafi banshar, shagon masu taya a nan Madain Fahd. Mai shagon Bahaushen Sudan ne, abokinsa tun zuwanmu. Ni ba na fita sai dole, amma maigida ya bar wayarsa a buɗe don in ji, wai kunnena ya fi nasa riƙe magana. Na ji mai banshar yana cewa, "Ɗan uwa, shekara nawa ina sayar da taya a garin nan, kowa tambayarsa ɗaya, za ta jure zafin kwalta? Kai ne na farko da ya tambaye ni sanyi." Ya nuna masa iri biyu. Ɗaya mai manyan haƙora, ta yashi da duwatsu. Ɗaya mai ƙananan zane-zane masu yawa, ya ce an ce irinta ta fi kama hanya mai santsi, amma shi an ce ɗin kawai ya sani.

Maigida ya ce to a cikin ƙanƙara ana rage iska kamar yadda ake yi a yashi?

Mai banshar ya ce, "Ni da kai duk ƙanƙararmu a kofi muka san ta."

Wannan maganar ce ta jawo mana abin da ya biyo baya. Maigida ya ce ai kuwa ba zai sayi abin da bai gwada ba. Ya sa aka ɗaura masa mai haƙora a baya ta dama, mai zane a baya ta hagu, ya dawo gida. Ya buɗe firizata ya kankare duk farin da ya taru a jikinta da cokalin miya, ya cika roba guda. Ya zuba a ƙofar gida, ya koma ya tada mota. Kafin ya sa giya ta zama ruwa. Jidda ce fa, ko a lokacin sanyi rana ba ta wasa.

Bai haƙura ba. Ya tafi wurin masu kifi ya roƙo niƙaƙƙiyar ƙanƙarar da suke zuba wa kifi, wadda suka gama da ita, buhu huɗu. Ya shimfiɗa ta a layinmu bayan la'asar, ya daidaita da tsintsiyata. Ya ce in tsaya a taga in duba wace taya ce za ta zame. Na tsaya. Ya taka mota a hankali, ta wuce, tsawon abin duka bai fi tabarma biyu ba. Ya leƙo ya ce, "Wacce?"

Na ce, "Ban ga komai ba sai kyanwoyi."

Don kuwa ƙarnin kifi ya riga ya yi shela. Kyanwoyin unguwa kaf suka hallara, har da wasu da ban taɓa gani ba. Wasu na lasar kwalta, wasu na lasar taya, wata ƙatuwa ta haye bayan motar ta kwanta kamar an ɗauke ta aiki. Tsohon da ke ƙasanmu ya fito zai tafi masallaci, ya toshe hanci ya ce, "Malam, sana'a ka sake?" Maigida ya ce gwaji yake yi. Tsohon ya ce, "To Allah ya ba da sa'a, amma ka gwada a layin su wane."

Da maigida ya shigo na ga idonsa ya faɗa. Na daina dariya. Na ce, "Ka je ka gaya wa kafili gaskiya. Da 'ya'yan mutane za a hau dutsen nan." Ya ce idan ya faɗa, motar ta tafi. Na ce idan bai faɗa ba fa? Ya ce zai je gobe bayan azahar.

Ni kuwa da safe, yana fita, na ɗauki waya na kira gidan kafili. Ni nake yi wa matar kafili lalle duk sallah, mun saba. Da Larabcina na kicin na zayyana mata komai, tun daga firiza har kyanwar da ta hau mota. Ta yi ta dariya har tana tari. Na ce don Allah ta sa baki, mutumin nan kunya ce ta sa shi, ba ha'inci ba. Ta ce halas, wato shi ke nan, in bar mata.

Bayan azahar maigida ya dawo yana tafiya kamar wanda aka yi wa sabon ɗinki. Ya ce ya tsaya gaban kafili ya faɗa masa bai taɓa ganin dusar ƙanƙara ba. Kafili ya juya baya yana ta gyaran murya, kafaɗunsa na rawa, sannan ya ce direban da ya iya faɗin abin da bai sani ba shi yake so. Ya ce a saka masu haƙoran nan duka huɗu, don yawancin hanyar yashi ce da duwatsu, idan an iso farin kuma ya bi sawun motar gaba a hankali, inda aka ce a tsaya ya tsaya. Suka je suka dawo lafiya, aka sabunta iƙama.

Tun daga ranar, duk baƙon da ya zo sai maigida ya ba shi labarin yadda ya tsaya gaban Balarabe shi kaɗai, ba tsoro. Ni ina zuba shayi ina cewa haka ne. To ke da kika ji duka, in gaya masa wayar da na yi, ko in bar shi da jarumtakarsa?