Ruwan da Inna ta ƙi sha a Kekun Waje

Mun tashi da asuba daga Tsafe, ni da Inna, a bayan wata akori-kura mai tari irin na tsofaffi. Ba zumunci ya fitar da mu ba. Labari ya iso gida cewa ƙanena, malamin kimiyya a ƙasar Bungudu, ya jera durom-durom yana dafa giya. Inna ta ce in gaskiya ne, ta sallama shi.

Gari na wayewa dutsen Kwatarkwashi ya tsaya a gabanmu, kansa cikin gajimare, sai da na yi tasbihi. Inna ko kallo. A Gusau na sayo ƙosai mai zafi, ni kaɗai na cinye, ban kuwa ji kunya ba.

Da hantsi muka sauka Kekun Waje. Warin tsami irin na giya ya riga mai gida yi mana maraba. Ƙanena ya durƙusa ya miƙa mata ruwa a kwanon sha. Ta kau da kai. A gidanmu babu zagin da ya kai wannan.

"Gwada man abin da an ka ce kana yi," in ji ta.

Ya kai mu rumfa. Tsimin ɓawon rake ne ke ɓararraka a durom. Iskar da ke tashi daga ciki, irin mai sa lemon kwalba kumfa, ita yake tarawa, ya sake hura ta ta ƙarƙashin tsimin. Sai ta kwaso ƙarfinsa, ta bi bututu ta cikin randa mai sanyi, ta sauke shi ɗis-ɗis, fari tas. Iska na tatsar ruwa kamar nagge! Na saki baki. Kwalbar da ke tarewa kuwa da ɗan kananzir a cikinta, don kada wani shaƙiyyi ya kurɓa.

Ashe makamashin girki yake haɗawa. Ya zuba a risho, ya ƙyasta ashana. Wuta ta tashi shuɗiya, shiru, babu hayaƙi.

"Don idanunki na, Inna," ya ce. "Hayaƙin icce ya isa hakanan."

Inna, wadda murhu ya dushe wa gani, ta daɗe tana kallon wutar. Sannan ta miƙa hannu.

"Ina ruwan nan? Ƙishi nika ji."

Mun dawo Tsafe da la'asar, rishon na kan cinyar Inna, ta hana kowa taɓawa. Ni dai tafiyar ta koya mini cewa hanci ba ya shaida. Maƙwabciyar da ta kawo tsegumin ce ta fara leƙowa jin yadda aka kwashe. Inna ta ce ta zauna, ta dafa mata shayi a kan rishon.