Hannun Wanita Ya Koma Baya

Wanita Combs ta tsufa a kan keken ɗinki, a masana'antar wando da ke garinsu cikin duwatsun Amurka. Uwarta Opal ce ta koya mata sana'ar, da doka guda: ɗinkin da ba a koma masa baya ba, warwarewa yake. Da masana'antar ta rufe, Wanita ta haura hamsin, ga uwa makauniya a ɗaki. Sai ta shiga kwalejin gwamnatin jiha, mai rassa a kusan kowane gari, ta zaɓi walda. 'Yan ajin suka laƙaba mata Kaka, ta amsa.

Malam Delbert, malamin waldan mai yawo tsakanin rassa da tsohuwar motarsa, ya yaba da natsuwar hannunta, amma abu ɗaya ya hana su shiri. Duk sanda ta sauya sandar walda, sai hannun ya koma baya ya bi ta kan abin da ya riga ya yi. Ya sha faɗa mata cewa hakan na binne datti cikin ƙarfe.

"Kaka, wannan fa ba wandon jikanki ba ne," in ji shi.

Ana haka hukumar kwalejin ta ce bayan wannan zangon ajin walda zai koma reshen babban birni, tafiyar rabin yini. Wa zai zauna da Opal? Ke nan jarrabawa ɗaya ta rage wa Wanita, in ta faɗi babu takardar shaida, babu aiki.

Ranar jarrabawar ta haɗa falle biyu na ƙarfe da walda, gumi na bin bayanta. A tsakiya sanda ta ƙare. Ta sa sabuwa, kafin ta ankara hannun ya koma baya. Hali zanen dutse.

Malam Delbert ya yanko tsiri, siririn yanki na ƙarfen, daidai wurin, kamar da gayya, ya sa a injin lanƙwasawa. In ƙarfen ya tsage fiye da ƙa'ida, shi ke nan. Injin ya fara dannawa a hankali, ƙarfen na ƙugi, surutun ajin ya ɗauke. Wanita ta ji tsoron da rabonta da shi tun ranar da aka rufe masana'anta. Da ya ciro tsirin sai ga 'yar tsaga a gadon bayansa. Ya ɗora ma'auni, ya matsa kusa da taga, ya sake ɗorawa.

"Da ƙyar na sha ya fi da ƙyar aka kama ni," ya ce. "Kin wuce, Kaka."

Wanita ta zauna kan bokiti.

Da yamma ta miƙa wa uwarta lanƙwasasshen ƙarfen. Opal ta bi shi da babban yatsa, ta tsaya cak a kan tsagar.

"Nan kika koma baya, ko?"

"Nan ne, Mama."

"Madalla. Wannan kam ba zai warware ba."