Ɓuntun Shinkafa a Ƙundun Kazar Inna

Wata Juma'a a bazarar shekarar da naira ta maye gurbin fam, ina tsaye a tsakar gidanmu a Wurno riƙe da buta, mahaifiyata Inna tana gyaran kazar da Baba ya yanka. Jar kaza ce, ɗaya daga cikin kajin gidan gona da malamin gona ya kawo mana daga Birnin Kudu, an yanka ta ne saboda ta daina ƙwai. Da Inna ta tsaga ƙundun, sai ga ɓuntun shinkafa cunkus, babu hatsi ko ƙwaya. Ta ɗago ta dube ni. Ban san sanda ruwan butar ya zube mini a ƙafa ba.

Ni nake ba kajin abinci kullum kafin in tafi makaranta, a akurkinsu da ke bayan rumbu. A gabana malamin gona ya auna: kwano huɗu na tsakin dawa, ɗaya na dusa, da dakakken ƙuliƙuli. Ya ce, "Dusa kaɗan tana gyara musu ciki, tana hana su tsigar gashin juna. In ta yi yawa, ciki zai cika, ƙwai ya gudu." Na riƙe maganar har ranar da abokina Sale ya nuna mini tattabarunsa, ya ce zai ba ni biyu in zan riƙa kawo masa tsaki. Cinikina na farko ke nan a duniya. Na fara cike gurbin tsakin da dusa, da na ga za a gane dusar na raguwa sai na koma kwasar ɓuntu a inda mata ke sheƙar shinkafa, in yayyafa ruwa in cakuɗa. Kajin su yi ta ci ba sa ƙoshi. Ƙwai ya ragu, ya ƙanƙance, ɓawonsa ya yi laushi har yana fashewa a hannu.

A kwanakin ne maƙwabciyarmu Gwaggo Dije, tsohuwa mai sayar da daddawa, ta leƙa akurkin ta ce wa Inna, "Kai Hauwa, kajin nan naki sun fi amare kyau!" Ba ta ce tubarkalla ba. Shi ke nan, aka ce kambun bakinta ne ya kama kajin. Mata suka daina sayen daddawarta, in ta shigo gida a janye jarirai zuwa ɗaki, Inna ma ta daina aika mata tuwo. Duk ina ji, ina gani, ina watsa wa tattabaruna dawa.

Ranar Juma'ar nan Inna ba ta dake ni ba. Ta dafa kazar, ta zuba cinyoyin biyu a kwano ta ce, "Kai wa Gwaggonka, ka faɗa mata da bakinka abin da ya cinye ƙwan." Na je, na yi sallama, na durƙusa na miƙa. Abin da ya fito daga bakina kawai shi ne, "Inna ce ta ce a kawo miki." Gwaggo ta dafa kaina ta ce, "Allah ya yi maka albarka, ɗan kirki." Inna ta bi gidaje tana wanke Gwaggo daga zargin, amma magana ta riga ta zauna. Da kaka ta yi, Gwaggo ta koma wurin ɗanta a Zandam, can ta rasu.

Yau ina sayar da abincin kaji a Birnin Kudu. Komai an auna shi an rubuta a jikin buhu, in ƙwai ya ragu mai kaji buhun yake fara tuhuma, ba maƙwabciya ba. Masu saye suna yabona, wai ba na algus. Nakan yi murmushi, amma zuciyata tana can gidajen nan da maƙwabciya kan leƙo ta katanga, kwanon tuwo ya bi ta. A duk kayan da na taɓa ɗauka, babu mai nauyin albarkar da tsohuwar nan ta sa mini.