Ruwan da Ya Hana Masarar Kawu Bushewa

Shekarar da na gama kwaleji aiki bai samu ba, sai na koma ƙauyenmu kusa da Bakori, na ce karatu dai ba zai tsaya ba. Da safe rediyo, da rana kuma wata waya ta gwanjo da na saya a Funtuwa, ina sauraron hirarrakin masana, ina leƙa shafuka. Abin da na ji duk in rubuta shi da ajami a bayan tsohon littafina na kwaleji, don hannuna ya fi gudu in ya taso daga dama. Cikin wata uku na san yadda ake kiwon kifi a teku, da abin da ya sa raƙumin dawa ba ya yawan barci. Ba wanda ya tambaye ni ko ɗaya.

Da kaka ta yi, Kawu, ƙanin mahaifiyata, ya sa inji ya ɓare masararsa, aka baza ta a tamfol a bakin hanya. So yake ta bushe kafin ranar kasuwar Bakori, saura kwana biyar. Ni ya ba tsaron shanyar, tunda a cewarsa zama ne sana'ata.

A makon ne na gano wurin da waya ke faɗin yanayin sama. Na duba, sai ga hoton girgije da ɗigo-ɗigo. Na ruga wajen Kawu.

"Kawu, a kwashe, ruwa na nan tafe bayan azahar."

Ya ɗaga kai ya dubi sama. Fes take, ko shaho kana iya ƙirgawa.

"Ɗan boko, wa ya gaya maka?"

"Na'urori ne can sama, Kawu. Suna hango hadari tun yana hanya."

"To, Allah ne masani. Amma kawo buhuna."

Muka ɗure masara, muka kinkima zuwa zaure. Ruwa bai zo ba. Na ce iska ce ta kora shi wajen Maska. Washegari muka baza, waya ta sake nuna girgije, muka sake kwashewa. Kwana huɗu muna haka, masara ta fi daɗewa a buhu bisa ga rana. Maƙwabta da tasu ke shanye suka riƙa yi mana sannu da aiki har da ɗaga hula.

Ranar kasuwa Kawu ya ɗauki ƙwaya ɗaya ya gatsa, kamar yadda ake gwada bushewa. Maimakon ta ce ƙas, sai haƙori ya nutse. Buhun ƙasa ma ya fara wari. Kawu ya hau babur, na bi shi a baya ba kaya.

A kasuwa na kai wayar caji. Mai cajin, wani dattijo mai tabarau, ya ji ƙorafina, ya latsa nan ya latsa can.

"Malam, kana da gona a Ingila ne?"

Na ce a'a.

"To ruwan garinsu kake dubawa. Mai wayar na farko can yake, ba a canza garin da ke cikinta ba."

Kawu yana tsaye a bayana, ya ji komai. Ya daɗe yana jan carbi, sannan ya ce, "Ashe bayin Allah nan kullum a jiƙe suke."

Masara ta jira kasuwa ta gaba, buhu guda kuma kajin gida suka gaje shi. Kawu bai ƙwace mini tsaron shanya ba, wayar kawai ya ce a riƙa barin ta a zaure. Har aka gama kakar nan, in mun fito sallar asuba sai ya tsaya yana neman takalminsa, ya ce, "Ɗan boko, yau fa mutanenka?"

In ce, "Ruwa ne, Kawu."

Ya girgiza kai. "Allah ya ba su rana su shanya tasu."

Ni kuwa in ce amin, in ɗauki tamfol.