Riƙe Gora, Kar Ki Riƙe Ni

Jama'a, yau na ga mutumin da ya tsamo ni daga Gulbi!

Ruwan safe ya cika hanya a Sabon Gari. Ina ƙoƙarin tsallakawa santsi ya kwashe ni, na cafke hannun wani tsoho. Sai ya daka mini tsawa: "Riƙe gora, kar ki riƙe ni!"

Wane gora? Sanda ce a hannunsa! Nan take na tuna.

Zamanin kumandan, lokacin mulkin Turawa, ina yarinya, muna dawowa daga Jiratawa Gulbi ya tafi da ni. Lokacin akwai samarin Tsibiri da ke zama bakin ruwa da manyan gorunan duma na iyo, kowa ya faɗa su bi shi, fisabilillahi. Wanda ya cim mini, maganar da ya yi ke nan, don in ka riƙe su tare za ku nutse.

Na ce, "Baba, kai ne ɗan Tsibiri mai gora?"

Ya yi dariya. "Baki ne bai manta ba, ɗiyata. Gora ya fashe, idanu sun tafi."

Na ce, "To yau ba gora. Kai za ka riƙe ni."

Ya riƙe. Na ƙetare da shi.