Ranar da Sanyi Ya Sa Na Kira Sunan Surukina

Ku matso kusa, ku ajiye abin da ke hannunku, ku ara mini kunne. Da tatsuniya ce da na ce ga ta nan, ku ce ta zo mu ji ta. To wannan ba daga bakin Gizo ta fito ba, a kaina ta faru, kuma har ƙasa ta rufe mini ido ba zan manta da ita ba.

Autata ce ta haihu a Amurka, haihuwar fari, kuma da tiyata aka ciro yaron. Aka ɗora ni a jirgi daga Kano in je in yi mata zaman jego, ni da tafiyata mafi nisa daga Bichi ita ce Zariya. Gidansu yana wani tsibiri na New York, unguwar St. George, ɗan gidan katako mai bene. Mijinta yana aiki a wani kantin sayar da salula a Manhattan. Kullum da sassafe jirgin ruwa yake shiga ya haye, ba ya dawowa sai bayan magariba.

Bari in gaya muku yadda nake da shi, don 'yan zamani ba lallai su gane ba. A yadda aka tashe mu, uwar mata ba ta zama inda surukinta yake zaune, ba ta cin abinci a gabansa, ba ta kama sunansa. In ya durƙusa ya ce, “Inna, ina kwana?” in amsa ina kallon ƙasa, magana ta ƙare. In ina da abin faɗa, 'yata nake gaya wa ta kai masa. Saboda haka falon ƙasa na bar masa shi gaba ɗaya. Ni da mai jego da ɗan angona muna ɗakin sama, nan muke wuni.

Gidan yana da injin ɗumi a wani ɗaki na ƙarƙashin ƙasa, yana huro iska mai zafi ta ramukan da ke gindin bango. A falo kuma akwai wani ɗan tsohon akwati mai mariƙi. Ka tura shi dama gida ya yi ɗumi, ka tura shi hagu ya huce. Ni da ban taɓa zama a aji ba, ranar farko na iya shi.

Bayan suna, wata Asabar, sai ga surukina ya shigo da kwali yana ta fara'a kamar wanda aka yi wa kyautar kujerar Makka. Ina leƙe daga saman bene. Ya jingina salularsa a kan kujera, wani Bature yana magana a ciki, shi kuma yana bi da sukundireba. Ya ɓalle tsohon akwatin, ya manna wani abu zagayayye, baƙi, mai sheƙi kamar madubi.

“Wannan shi ne tamostat mai wayo,” in ji shi ga matarsa. “Yana koyon halin mutanen gida. Ido gare shi. In ya ga ba kowa, da kansa zai rage wuta. Ina Manhattan ma zan iya juya shi.”

Ta ce, “To tsohon me ya yi maka?”

Ya ce, “Haba madam, ai wancan na zamanin kakanni ne.”

Na ji, na haɗiye.

Tun daga Litinin muka fara gani. Yana fita, kafin hantsi sai ramukan bango su yi shiru. Sanyi ya fara shigowa ta ƙafa, ya hau gwiwa, ya zauna a ƙashi. Mai jego kuwa kowa ya sani, ita da sanyi ba sa ga maciji. Ina dafa mata ruwan wanka da kunun kanwa don jikinta ya gasu, wani abu a bango yana warware mini aiki. Da magariba kuma, maigida na turo ƙofa, sai injin ya tashi da ruri, gida ya yi ɗumi, kamar munafukin bara da ya ji takun ubangidansa.

'Yata ce ta gano dalili. Ta ce tunda ba mai wucewa ta falo, idon yana ɗauka gidan ba kowa. Na ce, “Wato ni da ke da jinjirin nan ba mutane ba ne?” Daga ranar na samu sabon aiki. Da waɗannan gwiwoyin nawa nake sauka, in tsaya gaban bango ina ɗaga hannu kamar mai tare mota, sai ya haska fuska ya ga dama ya ba mu ɗumi. Ni da na aurar da jikoki, ina kai gaisuwa wurin bango!

Na ce da ita, “Ki gaya wa mijinki abin nan nasa zai kashe mana yaro. Haka za ki faɗa.” Da ya dawo na tsaya a saman bene ina saurare. Sai na ji muryarta a sanyaye: “Inna ta ce wai tana ɗan jin sanyi-sanyi da rana.”

Ya yi dariya. “Allah sarki Inna, ba ta saba da winta ba ne, hunturun ƙasar nan. Ku ba shi lokaci, koyo yake yi.”

Washegari ya aiko mini da safa. Safa ruwan hoda, mai gashi-gashi. Na ce masa rai, ya ba ni safa! Da ba don kunya ba da ranar an ji mu.

Sai ga ranar da nake ba ku labari. An kwana ana zuba dusar ƙanƙara, sanyin da su kansu 'yan garin suke ta maganarsa a talabijin. Injin bai huta ba tun jiya. Maigida ya fita. Hantsi na yi sai ramuka suka yi tsit. Na sauka, na ɗaga hannu, na tafa, na matsa har hancina ya kusa taɓa abin bangon. Fuskarsa baƙa ƙirin. Ya mutu. Kuma babu mariƙin da zan tura, don tsohon akwatin yana cikin shara tuntuni.

Gidan katako ba ya riƙe zafi. Kafin azahar, in muka yi magana hayaƙi ke fita daga bakinmu, a cikin ɗaki. Na ce a samo mini kasko da gawayi. 'Yata ta riƙe hannuna ta ce, “Inna, ki rufa mini asiri, gidan nan a toshe yake ko'ina, hayaƙin gawayi kisa yake yi.” Sai na kwance zanena, na tuɓe yaron na manna shi a ƙirjina, fata da fata, na ɗaure, na lulluɓa bargo.

Ta kira mijin. Ina jin sa yana cewa ta danna fuskar ta riƙe. Ta lallaɓa ta sauka, tana dafe da ɗinkin cikinta, ta danna, ta riƙe. Ba komai. Ya ce kantin cike yake da kwastomomi, su ƙara bargo, in ya tashi zai duba. Ta ce, “To.” Wallahi “to” ta ce!

Aka ba yaro nono ya ƙi kamawa. Na taɓa tafin ƙafarsa, kamar na taɓa randa. Na mintsine shi a cinya. Ya ɗan motsa baki, bai yi kuka ba. Ni na haifi tara, na binne uku. Na san wannan shirun.

Na fizge salular daga hannunta na ce ta sake kira. Yana ɗauka na kira sunansa. Sunan yanka, tsirararsa, ba lanƙwasa. 'Yata ta dafe baki.

Na ce, “Ni ce uwar matarka. Ɗanka ya daina kuka. Kana can ƙetaren ruwa cikin ɗumi kana sayar da salula, ka bar wa bango amanar iyalinka. In yaron nan ya tafi, ba bango za a tambaya ranar gobe ba, kai za a tambaya!”

Ya ce, “Inna…”

Na ce, “Ajiye Innar nan tukuna. Ka shiga jirgi.”

Ban jira shi ba, ruwa ne tsakaninmu. Maƙwabciyarsu wata 'yar Gana ce mai aikin kula da tsofaffi, Allah ya sa ranar tana gida. Na keta dusar nan da yaro a ƙirji na dinga dukan ƙofarta. Tana buɗewa ta sa hannu cikin bargon, ta ce, “Kai, Mma! Yaron ga ya yi sanyi. Ina uwar? Ku taho, asibiti za mu.” Ko mayafin kirki ba ta tsaya ɗauka ba ta ta da mota.

A asibiti suka karɓe shi da gudu, suka sa shi cikin wani ɗan gado mai fitila a sama. Na zauna ina jan carbi, ban san abin da nake karantawa ba. Can sai na ji shi. Wani ɗan siririn kuka, sannan ya buɗe maƙogwaro ya tsala shi sosai. Duk kukan da na ji a duniya babu mai daɗin wannan. Suka ce za su riƙe shi da uwarsa su kwana, don su sa ido.

Surukina ya iso wujiga-wujiga, ya zube a gabana. Na dube shi ido cikin ido, karo na farko tun da ya auri 'yata. Na ce, “Tashi mu je gida. Abin da ka ɓata, a gabana za ka gyara.”

Ya fara kashe wutar injin daga babban makunni, sannan ya ɓalle fuskar abin bangon. A baya ga wasu siraran wayoyi masu launi. Na ce ya gaya mini aikin kowacce, da Hausa. Ya ce jar ita ke kawo wuta. Farar ita ke kiran ɗumi. Mai ruwan ɗorawa tana kiran sanyi lokacin zafi. Koriyar ta fanka ce.

Na ce, “To me ya kashe shi?”

Ya ce tsohon akwatin ba ya cin komai, haɗa waya da waya kawai yake yi. Sabon kuwa batir gare shi, yana bukatar waya ta biyar, tasa ta kansa, da za ta riƙa ciyar da shi. In babu ita, sai ya dinga satar 'yar wuta ta hanyar farar, lokacin da injin yake hutawa. Da sanyi ya tsananta injin ya daina hutawa, ya rasa lokacin sata, yunwa ta kashe shi.

Na ce, “Ka san da haka ranar da ka manna shi?”

Ya sunkuyar da kai. “Baturen ya faɗa, Inna. Na ga ya kama ba ita, sai na tsallake wurin.”

Na nuna masa bangon da hannu.

Ya zura yatsa cikin ramin bangon yana lalube, sai ya jawo wata shuɗiyar waya a naɗe, wadda masu ginin suka bari tun asali. Ya fere bakinta ya cusa a gurbinta. Muka sauka ɗakin ƙasa, ni ke riƙe da tocila. Can ma ɗaya bakin nata a sake yake. Ya ɗaure shi, ya rufe, ya mayar da wuta. Injin ya yi tari, ya kama ruri. Na ce saura idon. Ya shiga salularsa ya hana shi yanke hukunci a kan ko akwai mutane a gida ko babu.

Abin da na koya ke nan, ku riƙe. Kunya ado ce, amma ba a rufa da ita ranar sanyi. Saƙon da ya shafi rai kuma, kada ka ba wani ya kai maka, a hanya ake ƙara masa ruwa. Sannan abin da ba ya jin sanyi a jikinsa, ba a ba shi ikon sanyin wani.

'Yar Ganar nan ta koma Bronx wurin 'ya'yanta, duk Sallah sai ta aiko mini da gaisuwa. Autata ta ƙara biyu, kuma yanzu in magana ta kama, yadda take haka take faɗa wa mijinta. Shi kuwa duk Juma'a da kansa yake kira na, ni ma sunansa nake kira gatsau, matan Bichi suna ta salati suna cewa Amurka ta lalata ni. Su yi ta yi. Angona ya shiga makaranta. In na yi masa Hausa ya gane sarai, ya mayar mini da Turanci. An ce in dusar ƙanƙara ta sauka shi ne na farkon fita waje, kuma sai an yi kokawa da shi kafin ya yarda ya sa hula.