Katakon Ketare da jak ɗin Sabuwa

Ina ajin ƙarshe a sakandare a Faskari aka kai mu Kankara gasar mutum-mutumi. Namu bai yi kama da mutum ba, ƴar mota ce mai taya huɗu da muka haɗa da gwangwani da injin tsohuwar fanka, ni kuma nake tuƙa ta da rimot.

A zagayen ƙarshe doka ta ce kowace mota sai ta hau kan wani dandamali mai tsayin gwiwa, kuma na'urar wata makarantar ce za ta taimaka mata. Zaɓi biyu muka samu. Ƴan Ketare nasu yana shimfiɗa katako mai gangara, ka bi ka hau. Ƴan matan Sabuwa kuwa nasu faranti ne da igiya, yana ɗaga mota sama kamar jak. Da muka ga yadda farantin yake rawa, duk muka tsorata.

Malaminmu na kimiyya ya duba duka biyun, ya ce, "Igiya tana tsinkewa. Katako kuwa ba ruwansa, yana nan inda aka ajiye shi."

Babu wanda ya musa. Shugabar ƴan Sabuwa ta ce, "Malam, ku gwada namu mana." Malam ya yi mata godiya, muka nufi katako.

Motarmu ta kai tsakiyar gangarar ta tsaya, tayoyi suna juyawa a banza. Malam ya ce in ƙara wuta. Na ƙara. Sai tayoyin suka kama lokaci guda, ta zabura ta haye dandamalin, ta wuce shi, ta faɗa ƙasa ta ɗaya ɓangaren. Batir ya yi gefe, taya ɗaya ta gangara har ƙarƙashin teburin alƙalai.

Na tsaya baki buɗe, yatsana yana kan maɓallin ban ma sani ba. Malam dai salati kawai yake yi.

Muna tsintar tarkace aka ɗora motar wata makaranta a farantin ƴan Sabuwa. Ya yi ta rawa, igiyar tana ƙara, har ya ajiye ta a sama lafiya lau.

A motar komawa Faskari, kwalin tarkacen yana kan cinyata, Malam ya juyo ya tambaye mu ko akwai wanda ya lura da irin igiyar da ƴan matan Sabuwa suka sa.